Ƙarfe Ba Da Kwal Ba: Bayani Ga Jama'a A Kan Sabuwar Hanyar Fitar Da Ƙarfe Daga Tama

Duk wanda ya shiga garin Potiskum, ko ta hanyar Kano, ko ta Bauci, ko ta Damaturu, ƙarfe ne zai fara yi masa maraba tun bai kai kasuwa ba. Ga manyan motoci jere a bakin titi, ga masu walda suna ɗinke bodin da ya tsage, ga makanikai kwance ƙarƙashin tireloli, ga kuma tulin rodi da kwanon rufi a ƙofar kantuna. Garin ya yi suna a kan kasuwar shanu, wadda ake lissafa ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, amma a zamanin yau ba da ƙafa shanun nan ke zuwa Legas da Anaca da Fatakwal ba, a bisa ƙarfe suke tafiya. Haka nan manomin Fika ko na Nangere, garmar shanunsa da fartanyarsa da ƙafafun amalankensa duk ƙarfe ne, balle famfon burtsatsen da ake bugawa a ƙauye kowace safiya.

Wannan ƙarfe duka daga wani wuri ya zo. Wani daga ƙasashen waje aka shigo da shi, wani kuwa tsofaffin ƙarafa ne aka tara aka sake narkawa a masana'antun Legas da Ogun da Kano. Mai saye bai cika tambayar yadda aka yi shi ba, farashi kawai yake tambaya. To, amma yadda ake yin ƙarfe ya zama babbar magana a duniya, domin masana sun ƙiyasta cewa kashi 7 zuwa 9 daga cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya, wadda ɗan Adam ke fitarwa ta wajen ƙona makamashi, daga masana'antun ƙarfe take tashi. Saboda haka ƙasashe da dama suka dukufa neman hanyar yin ƙarfe ba tare da ƙona kwal ba, kuma hanyar da ta fi ɗaukar hankali ita ce ta wata iska da ake kira haidurojin. Tun da yake Nijeriya na shirin farfaɗo da masana'antunta na ƙarfe, ya kamata jama'a su fahimci mece ce wannan hanya, ina aka kai a kanta, kuma me ya hana ta yaɗuwa.

Tama tsatsa ce

Kafin a gane sabuwar hanya sai an gane tsohuwa, kuma ba a bukatar zuwa Turai domin wannan. Mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin fitar da ƙarfe daga tama. A Taruga, kusa da Abuja, an tono muraran narka tama waɗanda suka kai wajen shekara 2,500. Tarihin baka na Kano ya ce wani maƙeri ne daga Gaya ya zo gindin Dala neman tama, ya zauna, kuma har yau akwai maƙeran da ke danganta kansu da shi, su ne Abagayawa.

Abin da waɗannan magabata ke yi shi ne su gina dogon murhu na yumɓu, su jera tama da gawayi hawa-hawa, su kunna wuta, iska na shiga ta ƙofofin ƙasa. Gawayin ƙirya aka fi so, domin yana da ƙarfin wuta kuma ba ya saurin cinyewa. Bayan sa'o'i masu yawa sai a fasa murhun, a jawo wani curi baƙi mai rauraye kamar soso, a kai shi maƙera a yi ta duka a kan uwar maƙera har dattin ya fita, ƙarfe ya rage.

Me ya faru a cikin murhun nan? Masana kimiyya sun bayyana cewa tama ba kome ba ce illa ƙarfe da ya haɗu da oksijin, watau sashen iskar nan da mutum ke shaƙa ya rayu. Wanda ya bar fartanya a gona damina ta wuce a kanta, zai tarar ta yi ja da tsatsa. Wannan tsatsa ita ce ƙarfe da oksijin a haɗe, kuma tama irinta ce, sai dai ta shekara aru-aru a ƙasa ta zama dutse. Aikin mai narka tama shi ne ya raba wannan haɗi. Zafi kaɗai ba ya raba shi. Dole a kawo wani abu wanda oksijin ya fi ƙaunarsa a kan ƙarfe, domin ya saki ƙarfen ya bi shi. A cikin gawayi akwai wani baƙin sinadari da ake kira kabon, shi ne ke janye oksijin daga jikin tama, su haɗu su zama iska, su fice ta bakin murhu. Wannan iska ita ce Turawa ke kira kabon-dayokzaid, wadda a nan za a riƙa ce mata iskar kabon.

Ke nan gawayi aiki biyu yake yi, yana ba da zafi, yana kuma ƙwace oksijin. Wannan na biyun shi ne tushen matsalar duka. Ana iya samun zafi daga lantarki ko wani abu dabam, amma muddin kabon ne zai ƙwace oksijin, to, iskar kabon sai ta fita, kome kyawun inji.

Daga gawayi zuwa kwal

Turawa ma da gawayi suka fara, har dazuzzukan Ingila suka soma ƙarewa. A shekarar 1709 wani Bature mai suna Abraham Darby ya yi nasarar narka tama da gasasshen kwal a maimakon gawayi. Daga nan aka yi ta ƙara wa muraran tsawo da faɗi har suka zama irin dogon tanderun da ake gani yau, wanda tsawonsa ya kai bene mai hawa goma ko fiye. Ana zuba masa tama da gasasshen kwal da dutsen farar ƙasa ta sama, ana hura masa iska mai zafi ta ƙasa, ƙarfe na fitowa narkakke kamar kunu, zafinsa wajen digiri 1,500. Idan aka kunna shi ba a kashewa sai bayan shekaru.

A shekarar 2023 duniya ta yi ƙarfe kusan tan miliyan 1,900, fiye da rabinsa a ƙasar Sin. Wajen kashi 70 daga cikin ɗari ta wannan dogon tanderu ya fito. Kowane tan ɗaya na ƙarfe da aka yi ta wannan hanya yana sakin iskar kabon kimanin tan 2.3. Domin a ga girman abin, a ɗauki tirela guda da ta tsaya a Potiskum ɗauke da ƙarfe tan 30 irin wannan. Kafin a loda mata kayan nan, iskar da nauyinta ya kusa tan 70 ta riga ta hau sama a wata ƙasa mai nisa, watau fiye da lodin tirela biyu.

Iskar kabon ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ba ta tsayawa a kan ƙasar da ta fitar da ita. Taruwa take yi a sararin sama tana tare zafin rana kamar bargo. Mutanen Yobe ba baƙin wannan labari ba ne. Sun ga rairayi na cinye gonaki a ƙasar Yusufari da Yunusari, sun ga damina na rikicewa, wata shekara fari, wata shekara ambaliya irin ta 2022. Ba daidai ba ne a ɗora wa masana'antun ƙarfe alhakin wannan duka, domin sare itatuwa da yawan kiwo da wasu dalilai na gida suna da nasu kason. Amma ɗumamar duniya tana ƙara wa kowannensu nauyi, kuma talakan da bai taɓa ganin tanderu ba yana cikin masu biyan kuɗin.

Abin da haidurojin ke yi

Haidurojin iska ce, ita ce mafi rashin nauyi a cikin dukan sinadarai. Ba a cika samunta ita kaɗai ba, kullum a haɗe take da wani abu, kuma gidanta mafi girma shi ne ruwa. Ruwan da ake sha haɗin haidurojin ne da oksijin. Idan aka ratsa wutar lantarki a cikin ruwa ta wata na'ura, sai ya tsage gida biyu, haidurojin ta fita ta wannan bututu, oksijin ya fita ta wancan. Lita 9 na ruwa kan ba da kilo ɗaya na haidurojin.

To, haidurojin ma tana son oksijin kamar yadda kabon ke sonsa. Idan aka hura ta da zafi a kan tama sai ta ƙwace oksijin ɗin, amma abin da suke haifarwa ba iskar kabon ba ce, ruwa ne. Tururi ne ke fita ta bakin murhu, ana kuma iya sanyaya shi a tara ruwan a sake tsaga shi.

Ga yadda aikin ke tafiya a masana'anta. Ana niƙa tama a tace ta, a mulmula ta 'yan ƙwallaye kamar gurjiya. Ana zuba su ta saman wani dogon murhu, suna gangarowa a hankali, iska mai zafin digiri 900 ko kusa da haka tana ratsa su daga ƙasa. Ƙwallayen ba sa narkewa. Suna fitowa ta ƙasa da siffarsu, sai dai sun yi sauƙin nauyi, jikinsu duk ƙananan ramuka inda oksijin ya fita. Shi ya sa ake kiransa soson ƙarfe. Abin sha'awa a nan shi ne, wannan hanya ta fi kusa da aikin maƙeran Dala a kan dogon tanderun Turawa, domin su ma magabata ba narkakken ƙarfe suke samu ba, curin soso suke jawowa daga murhu. Bambancin shi ne su da masaɓa suke tsabtace shi, yanzu kuwa ana zuba shi a tukunyar lantarki a narka, a cire datti, a ƙara masa ɗan kabon kaɗan, domin ƙarfen da ba kabon a jikinsa ko kaɗan laushi gare shi, ba ya yin rodi ko sifirin mota.

Akwai wahalhalu na fasaha da masu bincike suka sha fama da su. Kabon idan yana aiki a murhu yana taimakawa da zafi, haidurojin kuwa shanye zafin take yi, saboda haka dole a yi ta dafa iskar kafin a hura ta. Ƙwallayen kan manne da juna su toshe murhu idan zafi ya yi yawa. Ita kanta iskar tana da saurin kama wuta, tana silalewa ta 'yar ƙaramar kafa, tana kuma gajiyar da wasu irin bututun ƙarfe har su tsage. Sa'an nan tukunyar lantarki ba ta son tama mai datti, sai wadda ƙarfen cikinta ya kai wajen kashi 67 daga cikin ɗari, irin wannan kuwa ba ta da yawa a kasuwar duniya.

Inda aka gwada

Ƙasar Suwidin ce ta yi gaba. A shekarar 2016 kamfanoni uku, da SSAB mai yin ƙarfe, da LKAB mai haƙar tama, da Vattenfall mai samar da lantarki, suka haɗa kai a kan wani shiri da suka sa wa suna HYBRIT. Sun gina murhun gwaji a garin Luleå, can arewacin ƙasar, ya fara aiki a 2020. A watan Agusta na 2021 suka miƙa wa kamfanin motoci na Volvo ƙarfen farko da aka fitar da haidurojin, a watan Oktoba kuma Volvo ya nuna motar ɗaukar kaya a wurin haƙar ma'adinai da aka ƙera da shi. Sun kuma fafe wani ɗaki a cikin dutse, wajen mita 30 ƙarƙashin ƙasa, suka gwada adana iskar a ciki, domin a tara ta lokacin da lantarki ke da araha a yi amfani da ita lokacin da ya yi tsada. Zuwa 2024 sun ba da rahoton cewa sun yi soson ƙarfe fiye da tan 5,000, kuma ingancinsa bai gaza na tsohuwar hanya ba.

A Afirka ma an fara. A shekarar 2025 aka buɗe wata masana'anta mai suna Oshivela a hamadar Namibiya, wadda ke tsaga ruwa da lantarkin hasken rana tana fitar da soson ƙarfe. An tsara matakin farko ya riƙa ba da tan 15,000 a shekara. Wannan kaɗan ne ƙwarai, bai kai abin da babban tanderu ɗaya ke zubarwa a kwana biyu ba, amma ya nuna cewa ƙasa mai rana da hamada tana iya shiga wannan sana'a.

Maganar ko abin zai yiwu ta ƙare ke nan, ya yiwu. Maganar da ta rage ita ce ta kuɗi.

Inda gizo ke saƙar

Kafin a fitar da tan ɗaya na ƙarfe ana bukatar haidurojin kilo 50 zuwa 60. Kowane kilo kuwa yana cin lantarki wajen awo 50 zuwa 55, irin awon nan da mita ke ƙirgawa a gida. Idan aka haɗa da na tukunyar narkawa, tan ɗaya zai ci wajen awo 3,500. Masana'antar da za ta yi tan miliyan ɗaya a shekara tana bukatar megawat 400, dare da rana, ba yankewa. Wannan ya haura rabin ƙarfin da aka gina madatsar Kainji da shi, watau megawat 760, kuma ya kusa kashi ɗaya cikin goma na abin da layin lantarkin ƙasa ya saba rabawa ga Nijeriya baki ɗaya.

Kuma ba kowane lantarki ba. Idan da kwal ko man dizal aka samar da shi, an gudu ne ba a tsira ba, domin hayaƙin da aka hana a murhu ya fita a tashar lantarki. Dole ya zama na ruwa, ko na rana, ko na iska. Abin da ya ba Suwidin dama shi ne arewacinta cike yake da madatsun ruwa, ga tama mai kyau a Kiruna kusa da su.

Ya kamata a lura kuma cewa ba kowace haidurojin ce mai tsabta ba. Duniya na amfani da kusan tan miliyan 100 nata a shekara, amma kusan dukanta daga iskar gas da kwal ake fitar da ita, abin da ake samu ta hanya mai tsabta bai kai kashi 1 daga cikin ɗari ba a 2023. A nan gida ma ana yin ta. Takin yuriya da manomin Yobe ke zuba wa masara da dawa, da haidurojin aka haɗa shi, wadda masana'antun taki na Eleme da Onne da Lekki ke cirewa daga iskar gas. Wadda aka tsaga daga ruwa ta fi wannan tsada ninki biyu ko fiye.

Tun a 2018 masu shirin HYBRIT suka ƙiyasta cewa ƙarfensu zai fi na kwal tsada da kashi 20 zuwa 30 daga cikin ɗari. Wannan tsada ta sa wasu sun ja da baya. A watan Yuni na 2025 kamfanin ArcelorMittal ya janye shirinsa na sauya masana'antunsa biyu a Jamus, na Bremen da na Eisenhüttenstadt, ko da yake gwamnatin ƙasar ta yi masa alkawarin tallafin Yuro biliyan 1.3. Dalilin da ya bayar shi ne tsadar lantarki da rashin tabbacin samun haidurojin mai araha. Wanda duk ya ce gobe ko jibi za a rufe tanderun kwal a duniya, bai faɗi gaskiya ba. Sai dai kuma Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 wadda ta tanadi cewa daga 2026 ƙarfen da aka shigar ƙasashenta za a biya masa kuɗi gwargwadon iskar kabon da aka fitar wajen yin sa. Watau ƙarfe mai hayaƙi zai riƙa rasa kasuwa a hankali, ko da yana da araha a bakin masana'anta.

Matsayin Nijeriya

A shekarar 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar bunƙasa ƙarfe, aka kuma gano tama mai yawa a tudun Itakpe, cikin Jihar Kogi ta yanzu. Daga nan ƙasar ta bi hanya biyu a lokaci guda. A Ajakuta aka ƙulla yarjejeniya da Rashawa a 1979 domin gina dogon tanderu mai cin kwal, wanda matakinsa na farko zai ba da tan miliyan 1.3 a shekara. A Aladja kuwa, kusa da Warri, aka gina masana'anta mai ƙarfin tan miliyan ɗaya, wadda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1982. Aka kuma gina masana'antun mulmula ƙarfe uku a Katsina da Jos da Oshogbo, kowace da ƙarfin tan 210,000 a shekara, domin su karɓi sandunan ƙarfe daga Aladja su mai da su rodi da waya.

Labarin abin da ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne. Har shekarar 2025 ba a taɓa kunna dogon tanderun Ajakuta ba. Cikin matsalolinsa akwai ta kwal, domin kwal ɗin Inugu ba ya gasuwa ya yi tauri irin yadda tanderu ke so, na Lafiya da Obi kuwa toka da farar wuta sun yi masa yawa, dole sai an sayo daga waje. Aladja ta yi aiki, amma ba ta taɓa kai ƙarfin da aka gina ta da shi ba, kuma tun cikin shekarun 1990 aikinta ya yi ta tsayawa. Da ta tsaya, Katsina da Jos da Oshogbo suka rasa abin mulmulawa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, Aladja ba da kwal aka gina ta ba. Irin murhun nan ne na soson ƙarfe da aka bayyana a sama, na tsarin Midrex, tare da tukwanen lantarki. Iskar gas ake fasawa a hura wa tama, kuma fiye da rabin abin da ake hurawar nan haidurojin ce. Ƙarfen da aka yi ta wannan hanya yana fitar da iskar kabon wajen tan 1.4 a kowane tan, a maimakon 2.3. Bugu da ƙari, irin wannan murhu ana iya ƙara masa haidurojin mai tsabta sannu a hankali ana rage gas, ba tare da an rushe shi an sake gini ba. Shi ne matakin da kamfanoni da yawa a Turai da ƙasashen Larabawa ke bi yanzu. Ashe Nijeriya ta taka wannan hanya shekara arba'in da suka wuce, ba domin ɗumamar duniya ba, sai domin tana da gas ba ta da kwal mai kyau.

Wannan ba ya nufin hanya ta miƙe. Ƙarfen da ke cikin tamar Itakpe bai wuce kashi 36 daga cikin ɗari ba, sai an tace ta sosai kafin ta dace da murhun soso, shi ya sa a farkon aikinta Aladja daga Laberiya da Barazil take sayo tama. Layin dogo daga Itakpe zuwa Warri, wanda aka fara domin jigilar tama a 1987, sai a 2020 aka buɗe shi. Amma hukuncin da ke gaban ƙasa a fili yake. Tanderu idan aka kunna shi yakan yi aiki shekara arba'in ko fiye. A taron Glasgow na 2021 Nijeriya ta yi alkawarin cewa nan da 2060 iskar kabon da take fitarwa ba za ta wuce wadda take iya shanyewa ba, a shekarar kuma aka sa hannu a kan dokar sauyin yanayi, a 2023 aka ware wa ƙarfe ma'aikata ta kansa. Duk murhun da za a gina ko a gyara daga yanzu, zai rayu har ya tarar da wannan wa'adi. Wanda aka gina domin gas yana iya sauya abinci, wanda aka gina domin kwal ba ya iyawa.

Rabon Arewa

Ba a haƙar tama a Potiskum, kuma masana'antar ƙarfe takan bi tama da ruwa da layin dogo. Amma Arewa na da abin da wannan sabuwar sana'a ta fi bukata. Hasken ranar da ke sauka a kan kadada ɗaya a Yobe cikin shekara ya kusa ninka wanda ke sauka a Jamus sau biyu, ga fili mai yawa wanda noma ba ya yi. Ruwan da ake tsagawa domin tan ɗaya na ƙarfe wajen lita 500 ne, watau durom biyu da rabi, ban da na sanyaya inji, wannan kuwa abin lura ne a ƙasar da rijiya ke da zurfi. Sa'an nan bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka fara shimfiɗawa a 2020, an yi shi ne domin masana'antun Arewa su sami gas a ƙofar gida.

Akwai kuma wani abu da ya ba masana mamaki a maƙwabta. A ƙauyen Bourakébougou na ƙasar Mali, masu haƙar rijiya a 1987 sun ci karo da wata iska da ta kama wuta, aka toshe ramin. Daga baya aka gane haidurojin ce kusan zalla tana fitowa daga ƙasa da kanta, kuma daga 2012 aka yi amfani da ita wajen ba ƙauyen lantarki. Wannan ya sa kamfanoni a ƙasashe da dama suka shiga neman irinta.

Duk wannan yana bayan abu ɗaya, watau lantarki. Mai walda a Potiskum wanda ke kwana da tashi a kan janareta, wanda kuma ya ga yadda yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki cikin duhu a watan Oktoba na 2024 saboda lalacewar manyan layuka, yana da hujja idan ya ce a fara ba shi wutar walda tukuna. Gaskiyarsa ce. Tashoshin rana da layukan da za su kai wa shagonsa wuta su ne dai waɗanda wata rana za su tsaga ruwa, ba a tsallake na farko a kai ga na biyu. Haka nan ma'aikatan da za su kula da su, daga makarantu irin Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Koyon Sana'a da ke Potiskum za su fito.

Tsohon ƙarfe

Akwai wani sashe na wannan aiki da ya riga ya shigo hannun jama'a, shi ne na tsofaffin ƙarafa. Ƙarfen da aka riga aka raba da oksijin ba ya bukatar a sake raba shi, narkawa kawai yake so. Shi ya sa tan ɗaya da aka yi daga tsohon ƙarfe a tukunyar lantarki ba ya fitar da iskar kabon fiye da kimanin tan 0.7. 'Yan gwangwan da ke bi unguwa-unguwa suna sayen fasasshen kasko da tsohon gatari da gawar mota, su ne ke ciyar da yawancin masana'antun rodi na ƙasar nan.

Sai dai tsohon ƙarfe shi kaɗai ba zai isa ƙasar da ke gina gidaje da gadoji ba, kuma yana da aibi. Idan jan ƙarfe, irin na wayar lantarki da cikin injin fanka, ya shiga tukunya tare da baƙin ƙarfe, ba ya fita kuma, yana sa ƙarfen ya tsattsage wajen mulmulawa. Maganinsa shi ne a gauraya da soson ƙarfe mai tsabta domin a tsarma dattin. Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, a tukunyar lantarki ma haka abin yake, tsoho da sabo tare suke tafiya.

Saboda haka ana jawo hankalin masu wannan sana'a su riƙa ware jan ƙarfe da dalma da gorar ruwa dabam kafin su loda mota, wannan ma ya fi musu riba, domin kowanne da farashinsa. Kada a sayi ƙarfen layin dogo, ko na turakun lantarki, ko na gefen gada, ko murfin kwalbati, domin kayan jama'a ne, mai saye da mai sayarwa duk doka za ta hau kansu. Tukunyar gas da duk wani rufaffen gwangwani kada a jefa su cikin lodi sai an tabbata babu kome a ciki. A jihohin Yobe da Barno musamman, inda rikici ya bar harsasai da nakiyoyin da ba su fashe ba a cikin daji, duk wanda ya ga baƙon ƙarfe da bai san kansa ba kada ya taɓa shi, kada ya bar yara su matsa kusa, ya sa alama a wurin daga nesa, ya sanar da mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.